Masu Yankan Haƙoran Inji A Gida

Duk wanda ya taɓa mallakar inji, ko na niƙa, ko na ɗab'i, ko keken ɗinki, ya san ba safai inji kan mutu gaba ɗaya ba. Galibi in ya tsaya aka kwance shi, sai a tarar kome lafiya lau, in ban da abu guda: wani ɗan faifan ƙarfe mai haƙora a gefensa, wanda makanikai ke kira giya, haƙoransa biyu ko uku sun karye, ko kuwa duk sun cinye don tsufa. A je kanti a ce babu. A rubuta wa kamfanin da ya ƙera injin, a ce ai tuni an daina yin irinsa. Shi ke nan, inji wanda ƙarti huɗu ba su iya ɗaga shi ya koma matattarar ƙura da maɓoyar ɓeraye, sabo da abin da bai fi tafin hannu ba.

To, a Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashe akwai mutane masu yawa waɗanda in haka ta same su ba su wahalad da kansu da yawon kantuna. Sai mutum ya shiga wani ɗan ɗaki da ya keɓe a gidansa, ya ɗaura guntun ƙarfe a kan injinsa, ya yanka sabon faifai da kansa. Da yawansu kuwa ba sana'arsu ke nan ba. Wani malamin makaranta ne, wani akawu, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi murabus. A kan aikin mutanen nan mu ke so mu jawo hankalin masu karatu yau, gama a ganinmu wanda ya iya gyara injinsa har zuwa haƙoransa shi ne mai inji na haƙiƙa, saura kuwa aro aka ba su. Abin da aikin ya fi bukata kuma lissafi ne da natsuwa, kuɗin kaya na biye.

Aikin ya daɗe a hannun mutane tun ba a san masana'anta ba. A shekarar 1901 masu nutso suka tsamo wata na'ura ta tagulla daga wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da tsibirin Antikitera na ƙasar Girka. An ƙera ta fiye da shekara 2,000 da suka wuce don lissafin tafiyar rana da wata, faifai 30 masu haƙora sun saura a cikinta, duk kuwa da hannu aka yanka su. A wani gidan ajiye kayan tarihi na birnin Okusfod akwai wata na'urar taurari mai haƙora wadda Muhammadu ɗan Abubakar, mutumin Isfahan ta ƙasar Farisa, ya ƙera wajen shekarar 1221, tana nuna kwanan wata da kamanninsa. A Ingila kuwa John Harrison, ɗan kafinta, ya yi agogonsa na fari a 1713 yana ɗan shekara 20, haƙoran agogon kuma na itace ne. Shi ne daga baya ya ƙera agogon da ya ba matuƙan jiragen ruwa damar sanin inda su ke a tsakiyar teku.

Irin wannan hali ne ya wanzu a gidajen Ingilishi. A 1898 wani mutum wai shi Percival Marshall ya kafa mujalla mai suna Model Engineer domin masu wannan sha'awa, suka riƙa koya wa juna dabaru a cikinta. A 1946 kamfanin Myford, kusa da birnin Notinham, ya fito da wani ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, ML7, wanda ya ke zama a kan teburi, mai matsakaicin albashi kuma ya iya tara kuɗi ya saya. Masana'antar nan ta asali ta rufe a 2011, amma injunanta na nan suna aiki a gidaje, don in wani abu ya karye masu su kan yi masa madadi da shi injin kansa.

Bari mu bayyana yadda aikin ya ke, don mai karatu ya auna da kansa ko ya fi ƙarfin mutum.

Da fari dai haƙorin inji ba tsini ba ne kawai irin na zarto. An ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, faifai ɗaya kuma ba ya aiki sai da abokinsa, haƙoran wannan suna tura na wancan. In ana so turin ya tafi daidai, ba fizga ba ƙara, dole gefen ko wane haƙori ya zama da wani lanƙwaso na musamman. Ga yadda za ka gane shi. Naɗa zare a jikin gwangwani, ka ɗaura fensir a bakin zaren, ka ɗora gwangwanin a kan takarda, sa'an nan ka riƙa warware zaren yana miƙe tsam. Layin da fensirin ya zana shi ne siffar gefen haƙori. Leonhard Euler, wani shahararren masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, yana cikin waɗanda suka tabbatad da amfanin lanƙwason nan tun ƙarni na 18. Wani alherinsa kuma shi ne, ko da tazarar faifan biyu ta ɗan kuskure kaɗan, gudunsu ba ya canjawa. Wannan rahama ce ga mai aiki a gida, wanda awonsa ba zai kai na manyan masana'antu ba.

Sai dai lanƙwason ya kan bambanta bisa ga yawan haƙora. Ƙaramin faifai haƙoransa sun fi lanƙwasa, babba kuwa gefen haƙoransa kusan a miƙe ya ke. Bisa ƙa'ida ke nan ko wane adadi sai da wuƙarsa dabam, wa kuwa ya ke da kuɗin wannan? Kamfanin Brown & Sharpe na Amurka, wanda Joseph Brown ya ke ɗaya daga masu shi, ya warware matsalar a ƙarni na 19. Aka tsara wuƙaƙe takwas ga ko wane girman haƙori: ɗaya ta yanka 12 da 13, ta biye 14 zuwa 16, sai 17 zuwa 20, sai 21 zuwa 25, sai 26 zuwa 34, sai 35 zuwa 54, sai 55 zuwa 134, ta ƙarshe kuma daga 135 har abin da ya yi sama. Ita wuƙar kanta ɗan faifai ce mai kaifi, tana juyawa tana ƙwaƙule gurbin da ke tsakanin haƙori da haƙori. Har yanzu da wannan tsari masu aiki a gida su ke sayen wuƙaƙensu.

Yanzu a ce ga karyayyen faifai a hannunka. Ka ƙidaya haƙoransa, har da gurbin waɗanda suka karye, ka sami 35. Ka auna faɗinsa daga baki zuwa baki, ka sami milimita 74. Ƙa'ida ta ce ka ƙara 2 a kan yawan haƙora, watau 37, ka raba faɗin da shi. In ka raba 74 gida 37 ka sami 2. Wannan 2 ita ce lambar girman haƙorin, masu sana'ar na ce mata modul, kuma faifai biyu ba su cin juna sai lambarsu ta zo ɗaya. Zurfin gurbi kuwa lambar nan ce sau biyu da rubu'i, watau milimita huɗu da rabi. To, ka san faɗin da za ka sassaƙe ƙarfenka, ka san wuƙar da za ka ɗaura, watau mai yankan 35 zuwa 54, ka kuma san iyakar inda za ta nutsa. Ina abin da ya gagari yaron da ya gama firamare a cikin wannan lissafi?

Saura babban aikin, watau raba kewayen faifan gida 35 daidai wa daida. Akwai na'urar da aka yi don haka, na'urar rabo. A kan ɗaura faifan a bakinta, tana da hannu wanda a ke murɗawa, kuma a mafi yawansu sai hannun ya kewaya sau 40 kafin faifan ya juya sau ɗaya. Ga ko wane haƙori ke nan sai ka raba 40 gida 35, ka sami ɗaya da subu'i. Kewaye ɗaya ba wuya, amma ƙaƙa za ka auna subu'in kewaye? A bayan hannun akwai faranti mai layukan huji a kewaye, wani layi huji 15, wani 21, wani 49, da sauransu. Sai ka zaɓi layin da bakwai ke raba shi ba saura. In ka ɗauki mai 21, subu'insa huji 3 ke nan. Ka yanka gurbi, ka janye wuƙa, ka murɗa hannu kewaye ɗaya da huji 3, ka soka fil ɗin hannun a hujin, ka ƙulle na'urar, ka sake yanka. Haka za ka yi ta yi har sau 35.

A nan ne a ke gane namiji. Huji 24 sau 35 ya kama 840, kuma sai ka bi su duka ba ka tsallake ko ɗaya ba. Huji guda a faifan da mu ke misali da shi bai fi rubu'in milimita ba sai da kaɗan, ido ba ya ganinsa sa'ad da aka yi kuskuren. Sai ka zagayo ƙarshe tukuna, ka tarar haƙorin ƙarshe ya fito siriri kamar tsinke ko kuwa ƙato kamar turmi, aikin yini ya tashi a banza. Kamar rabon gona ne tsakanin magada: taƙi ɗaya da aka ƙara wa na fari, a kason na ƙarshe a ke ganinsa. Akwai kuma wani tarko. Ko wace na'ura tana da ɗan sako-sako a cikinta, sabo da haka in hannunka ya zarce hujin da ka nufa, ba ka komowa baya ka soka kurum. Sai ka koma baya sosai, ka sake tahowa ta fuskar da ka saba, har ka faɗa hujin. Kafin duk wannan kuma sai ka tabbata wuƙar tana kan tsakiyar faifan sak, in ba haka ba haƙoran duka su fito a karkace kamar dawa bayan iska. Mai gaggawa da mai hira a bakin aiki ba su gama faifai. Haƙori dai sai da haƙuri.

Wani lokaci lissafin kan ƙi ci, a nan kuwa a ke ganin basira. Tun 1959 ƙasashe masu awo da inci suka daidaita a kan inci ɗaya milimita 25.4 ne cif. In ka ninka wannan sau biyar ka sami 127. Don haka mai tsohon injin sassaƙa na inci, in yana so ya yanka murɗin noti na milimita ba kuskure, sai ya sa faifai mai haƙori 127 a cikin jerin giyoyinsa. Ga shi kuwa 127 ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta, farantan da aka saba sayarwa kuma ba su da layi mai huji 127. Masu aiki a gida ba su ce abin ya gagara ba. Wani ya kan ja layi 127 masu tazara ɗaya a kan doguwar takarda, ya sassaƙe faifan katako har takardar ta naɗe shi baki ya sadu da baki, ya mai da shi ma'aunin rabonsa. Wani ya kan haɗa faifai mai 47 da mai 37, gama in an raba 47 da 37 a kan sami abin da ya yi kusa ƙwarai da 1.27, bambancin bai isa ya hana noti shiga ba. A zamanin nan kuma waɗansu na ɗaura wa na'urar rabo ƙaramar mota mai tafiya taƙi-taƙi, kwamfuta ƙanƙanuwa tana ƙidaya mata. Duk da haka wanda bai san lissafin ba, ba zai san abin da zai gaya wa kwamfutar ba.

Kada kuma a ce ai sai mai wadata. Wanda ba shi da kuɗin wuƙa ya kan wasa guntun ƙarfe mai tauri har bakinsa ya zauna daidai a gurbin lafiyayyen haƙori na tsohon faifan, ya yi yanka da shi sannu a hankali. Wanda ba shi da na'urar rabo ya kan ɗaura wani faifai mai adadin da ya ke so a kan sanda ɗaya da sabon, ya riƙa bin haƙoransa ɗaya ɗaya. Ivan Law na Ingila ya wallafa ɗan littafi a 1988 mai koyad da yadda mutum zai ƙera wuƙaƙensa da kansa. David Gingery na jihar Mizuri ta Amurka ya ma wuce nan. Ya rubuta jerin littattafai bakwai, ya fara da narka tarkacen alminiyum da gawayi a zuba a yashi, daga nan a ƙera injin sassaƙa, da shi a ƙera na gaba, har a kai ga na'urar rabo. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a kasuwanninmu ya san matakin farin nan ba baƙo ba ne gare mu.

Mun san akwai masu cewa wannan wahala ce ta banza, tun da yanzu kayan gyara na zuwa daga Sin da Indiya da araha, manyan masana'antu kuma suna da injuna masu yanka faifai ɗaruruwa kafin mai aikin gida ya gama ɗaya. Maganarsu da gaskiya a ciki, ba mu kuwa ce kowa ya yanka abin da ya ke samu a kanti ba. Har ma mu kan ƙara da gargaɗi: giyoyin mota da na sauran abubuwan da rai ke rataye a kansu, ƙarfe ne na musamman da a ke gasawa a taurara, a kuma goge da injuna masu tsananin daidaito. Mai ɗan ɗaki a gida ya san iyakarsa, kada ƙaramin sani ya zame masa ƙuƙumi. Amma masana'anta ba ta tayad da injinta don faifai guda. Ita dubbai ta ke so. Faifai ɗaya tak na tsohon inji, wanda ba a sake yin irinsa, ba mai yinsa sai mutumin da ke da ƙaramin inji da sanin lissafi. A wannan gurbi babu wanda ya isa ya ture shi.

A nan ne maganar ta shafe mu. Ƙasarmu cike ta ke da injuna na zamanai dabam dabam, tsofaffi na inci daga Ingila, sababbi na milimita daga gabas, kayan gyaransu kuwa sai an tsallaka teku, da kuɗin da ba kullum a ke samunsu ba. Hannu kuma ba mu rasa ba. Wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna, ko unguwar makanikai ta Suwame a Kumasi ta ƙasar Gana, ya ga abin da masu walda da masu zubi da masu sassaƙar ƙarfe ke fitarwa daga tarkace, ya san basira ba gadon wata ƙabila ba ce. A Suwame ma, tun 1980 jami'ar kimiyya ta Kumasi ta buɗe wani sashe a tsakiyar masu sana'ar don ta kusantad da injuna da ilminsu gare su. Abin da ya fi damunmu shi ne mun raba abu biyu da bai kamata su rabu ba. Yaron da ya iya raba 40 da 35 yana aji, yana ƙyamar baƙin mai a hannunsa. Yaron da ke riƙe da magagari a rumfar maigidansa kuwa ba wanda ya zauna ya nuna masa subu'i. Ga maƙeri ga malami, kowa na kallon ɗan'uwansa daga nesa, inji kuwa na kwance.

Mun riga mun ga yadda sayen kaya kaɗai ya ke ƙarewa. Sa'ad da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a Nijeriya a 1982, an shigo da injunan koyad da sana'a domin makarantu, da yawa kuwa suka tsufa cikin akwatunansu don rashin lantarki da rashin malaman da suka iya su. Sabo da haka shawararmu ta fi karkata ga mutane. Muna roƙon kwalejojin horon malamai su sa ko wane ɗalibi mai koyon lissafi ko sana'a ya raba da'ira da hannunsa, ya yanka faifai biyu masu cin juna, ko da na katako ne, kafin a ba shi takardar shaida. Malamin da ya yi wannan ba zai sake koyad da rabawa kamar waƙa ba. Muna roƙon makarantun sana'a su buɗe ƙofofinsu da maraice ga masu koyo a rumfuna, awa ɗaya ko biyu a mako, a koya musu awo da ƙa'idodin nan kaɗan da muka zayyana. Muna roƙon hukuma ta sauƙaƙa kuɗin fito a kan ƙananan injuna da wuƙaƙe da ma'aunai, gama ko wane ɗaya da ya shigo zai tayad da injuna goma da ke kwance. Masu hali kuma, ma'aikata da 'yan kasuwa da waɗanda suka yi murabus, su sani ba abin kunya ba ne babban mutum ya keɓe ɗaki a gidansa ya riƙa aiki da hannunsa, 'ya'yansa na gani. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Zanen aro ba ya rufe katara. Muddin haƙori uku na iya tsayad da abincin gida guda wata da watanni, sai an jira jirgi, to, injunan da ke hannunmu baƙi ne, ranar da suka ga dama su tafi. Ran da aka ce a ko wane gari akwai mutum ɗaya ko biyu da za a kai wa karyayyen faifai, su ƙidaya, su auna, su ce a dawo jibi, ran nan ne za mu ce mun fara mallakar abin da muka saya. Allah ya ba mu himma da haƙurin koyo, amin.